Wuraren wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara

Wurin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara yanki ne a kan tsauni da aka tanada domin masu sulɓi daga tudu zuwa gangare a kan wasu dogayen faifai guda biyu da ake ɗaurawa a ƙafa. Galibi yana ƙunshe da hanyoyin gangarowa, da kujerun da ke tafiya a kan igiyar ƙarfe suna kai mutane saman dutse, da masaukai, da shagunan hayar kaya, da makarantun koyon wasan. Babban abin da ke bambanta wani wuri da wani shi ne tabbacin samun dusar ƙanƙara, wanda ya dogara da tsayin wurin, da nisansa daga tsakiyar duniya, da watan da aka je.

Suna

A yawancin harsunan Turai ana kiran wasan ski. Kalmar ta fito daga harshen Norwe, kuma asalinta na nufin tsagaggen itace, domin da katako aka fara yin faifan. Hausa ta bambanta ƙanƙara, wadda kan faɗo dunƙule-dunƙule da damina, da dusar ƙanƙara, wadda aka kamanta laushinta da dusar hatsi. Haka nan hunturun ƙasar Hausa daban yake da na Turai. A garuruwan arewacin Kano irin su Tsanyawa da Bichi, hunturu lokaci ne na busasshiyar iska da hazo da sanyin asuba. Dusar ƙanƙara ba ta zuba a Najeriya, ko da a Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsawo a ƙasar, mai mita 2,419.

Tarihi

Mutanen arewacin Turai da Asiya sun shafe dubban shekaru suna amfani da faifan wajen farauta da tafiye-tafiye. Zuwa hutu a tsaunuka da hunturu ya fara ƙarfi ne a garin St. Moritz na Suwizalan tun daga 1864. A 1924 aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix da ke Faransa. Najeriya ta fara halartar gasar a 2018 a Koriya ta Kudu, sannan a 2022 Samuel Ikpefan ya zama ɗan wasan ski na farko da ya wakilce ta, a birnin Beijing.

Tsayin wuri da lokacin zuwa

Zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6.5 a ma'aunin Salshiyas a duk mita 1,000 da aka hau. Shi ya sa wurare masu tsayi suke riga buɗewa, su kuma daɗe ba su rufe ba. Val Thorens a Faransa, mai tsayin mita 2,300, kan yi aiki daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Mayu, alhali wuraren da ke can ƙasa kan rasa dusar ƙanƙara a tsakiyar kaka idan shekarar ta zo da ɗumi.

A arewacin duniya kakar wasan na kamawa daga Disamba zuwa Afrilu, a kudanci kuwa daga Yuni zuwa Satumba. A Turai cunkoso da tsada sun fi yawa a makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da kuma hutun makarantu na Fabrairu. Tsakiyar Janairu ya fi araha amma ya fi sanyi, Maris kuma ya fi hasken rana.

Fitattun wurare

Tsaunukan Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya, su ne cibiyar wasan. Les Trois Vallées, inda Val Thorens yake, yana da hanyoyin gangarowa na kusan kilomita 600 haɗe da juna. Zermatt na gindin dutsen Matterhorn, kuma ba a shiga garin da motar mai. Cortina d'Ampezzo a Italiya ta karɓi gasar Olamfik ta 1956.

A Arewacin Amurka akwai Aspen da Vail a jihar Colorado, da Whistler a Kanada. Niseko a tsibirin Hokkaido na Japan ya yi suna da yawan dusar ƙanƙara mai laushi. Turkiyya na da Uludağ kusa da Bursa, da Erciyes kusa da Kayseri, da Palandöken a Erzurum, inda abincin halal da masallaci ba sa wuyar samu.

A Afirka akwai Oukaïmeden a tsaunukan Atlas na Maroko, kudu da Marakesh, wanda ya fara daga mita 2,600, sai dai dusarsa ba ta da tabbas daga shekara zuwa shekara. Afriski a Lesoto na da tsayin sama da mita 3,000, kuma yana buɗewa daga Yuni zuwa Agusta. Akwai kuma wuraren da aka gina a cikin manyan kantuna, kamar Ski Dubai da aka buɗe a 2005 da Ski Egypt a 2017, waɗanda ke aiki duk shekara.

Matakin ƙwarewa

Ana sanya wa hanyoyin gangarowa launi gwargwadon wahalarsu. A Turai shuɗi na nuna mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi kuma na ƙwararru, Faransa kuma ta ƙara kore domin 'yan koyo. A Arewacin Amurka ana amfani da koren da'ira, da shuɗin murabba'i, da baƙin lu'ulu'u. Wanda bai taɓa yin wasan ba yakan shafe kwanakinsa na farko a gangare ɗaya ko biyu tare da malami, saboda haka tikitin katafaren wuri ba ya amfanarsa kamar ƙaramin wuri mai makaranta mai kyau.

Kuɗi da takardu

Bayan kuɗin jirgi da masauki, akwai na tikitin hawan kujeru, da hayar faifai da takalma da hular kwano, da kuɗin malami, da tufafin sanyi. Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya duk suna cikin yankin Schengen, don haka biza ɗaya ta wadatar. Ana iya neman ta tun watanni shida kafin tafiya, kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ba kowace inshorar tafiya ce ta ƙunshi raunin wasan ko kuɗin ɗauko mutum daga kan dutse ba.

Lafiya da haɗari

Daga kimanin mita 2,500 iskar shaƙa na ƙaranci, wanda kan jawo ciwon kai da jiri da rashin barci. Sanyi da ƙarancin iska kan tayar da ciwon sikila, kuma ko mai rukunin AS na iya samun matsalar saifa a wuri mai tsayi sosai, don haka likitoci ke shawartar a gan su kafin tafiya. Raunin gwiwa na cikin waɗanda aka fi samu. Zaftarewar dusar ƙanƙara ta fi hallaka waɗanda suka bar hanyoyin da aka shata, kuma a Turai ana bayyana haɗarinta kullum da lamba 1 zuwa 5.

Sauyin yanayi

Ɗumamar duniya na taƙaita kakar wasan, musamman a wuraren da ba su da tsayi, har da yawansu sun koma dogaro da injinan fesa dusar ƙanƙara, masu cin ruwa da lantarki. Kusan duk dusar da aka yi gasar Beijing a kanta a 2022 ta inji ce. A Bolibiya, daskararriyar ƙanƙarar tsaunin Chacaltaya, wadda aka daɗe ana wasan a kanta a tsayin sama da mita 5,000, ta narke gaba ɗaya a 2009.