Ba Kowane Ruɗewar Tsoho Ba Ne Gigin Tsufa

Tun daga shekarar 2019, harin 'yan bindiga ya tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar Gobir. Waɗansu iyalai suka shigo garin Sabon Birni da Isa, waɗansu kuwa suka ƙetara iyaka zuwa yankin Maraɗi. A cikinsu akwai tsofaffi. Tsohuwar da ta yi shekara hamsin a ɗaki guda, ta san inda randa take ko a cikin duhu, sai ga ta a gidan da ba ta sani ba. Ta tashi da dare tana neman ƙofa, tana kiran mijinta da ya rasu tuntuni. Nan da nan sai a ce gigin tsufa ne. Waɗansu ma sukan kai ga cewa maita ce, wannan kuwa ƙazafi ne mai ciwo a kan wadda ta goya mu.

Gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba kuwa kowane tsoho yake kamuwa da ita ba. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana irinta da ta fi yawa a shekarar 1906. Wata irin kuma takan biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. A wani bincike da likitocin Zariya suka buga a 2011, sun tarar da cutar a jikin kusan mutum 3 cikin 100 na tsofaffin da suka duba. Sauran kuwa, ko da sukan manta inda suka ajiye goro, hankalinsu ƙalau.

To, ƙaƙa likita yake rarrabewa? Tambayarsa ta fari ita ce, "Yaushe abin ya soma?" A nan ne iyali suke da babban aiki, gama maras lafiya ba zai iya ba da labarin kansa ba. Kada a aika shi asibiti da yaron da ke da babur kawai. A tafi da matar ɗa ko 'yar da take dafa masa abinci, ita ce ta san ranar da ya fara zuba gishiri a kunu.

Idan ruɗewar ta zo cikin kwana biyu ko uku, tana tashi tana sauka, da dare ta fi tsanani, likita ba zai gaggauta cewa gigin tsufa ba ne. Zai nemi zazzaɓin cizon sauro, da ciwon mafitsara, da ciwon huhu, da hawa ko saukar suga, da ƙarancin ruwa a jiki, wanda ba abin mamaki ba ne ga tsohon da ya yi tafiyar ƙafa a zafin bazara. Irin wannan ruɗewa takan warke in an yi maganin sanadinta, amma in aka bar ta tana iya kisa. Wannan ba ta jiran ranar kasuwa, a kai shi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni a ranar.

Akwai kuma baƙin ciki. Dattijon da aka kore wa shanu, ya bar gonarsa ta bakin gulbin Rima, yakan yi shiru, ya ƙi abinci, in an tambaye shi ya ce bai sani ba. Kamar mai gigi, amma ba shi ba ne, kuma yana da magani. Haka nan kurumta da yanar ido sukan sa a zaci mutum ya ruɗe.

Gigin tsufa na ainihi yakan shigo sannu a hankali, wata da watanni. Mutum ya tuna yunwar 1973 daki-daki, amma ya manta ya ci tuwo ɗazu. Ya ɓata a hanyar da ya saba bi, lissafin kuɗi ya gagare shi. Sau da yawa cutar ta riga ta soma tun a ƙauye, sabo da wuri ne ya rufe ta, ƙaura ta tone.

Gwaje-gwajen Turai sukan bukaci karatu da rubutu, don haka sukan kā da tsohon da bai shiga makarantar boko ba, alhali lafiyarsa lau. Saboda haka aka tsara wani gwaji a Tanzaniya mai suna IDEA, aka kuma jarraba shi a Najeriya. Akan tambayi mutum sunan mai garinsu da ranar mako, a ce ya lissafa dabbobi cikin minti ɗaya, a faɗa masa kalmomi goma ya maimaita daga baya, a jera tsinken ashana ya kwaikwaya. A ganinmu ya kamata kowane ma'aikacin ɗakin shan magani ya iya shi, gama ba ya cin kuɗi.

In alamu sun nuna cutar ce, akan tura mutum asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Akwai ƙwayoyin da ke rage alamunta ga waɗansu na ɗan lokaci, kula da hawan jini kuma yana hana ƙarin ɓarna. Mai tafiya ya riƙe dukan magungunan da tsohon yake sha, har da na gargajiya da na barci, gama waɗansunsu ma sukan ƙara ruɗewa.