Ko Ka Sani? Kwamfutar da ke Ciniki da Tashoshin Lantarki

Wutar lantarki ba ta jira. Abin da tashoshi suka samar a wannan daƙiƙar, dole ya yi daidai da abin da jama'a ke sha a cikinta. In aka samu giɓi mai yawa, bugun wutar ya kauce daga 50 a daƙiƙa, ma'aunin da Najeriya da Nijar ke bi, har babban layi ya durƙushe. Shi ya sa manyan cibiyoyin rarraba wuta ke da kwamfutar da tun yau take tsara injin da za a tayar gobe, da ƙarfe nawa, da yawan wutar da zai bayar, a kan kuɗi mafi sauƙi.

Aikin ba ƙarami ba ne. Injin gas ko na kwal, ko dai a kashe yake, ko yana aiki a kan ƙarfin da ba ya iya sauka ƙasa da shi. Tayar da shi kuma yana cin kuɗi da lokaci. Injuna 100 kacal, kowanne a kunne ko a kashe, hanyoyin jera su a awa ɗaya sun kai lamba mai alƙaluma 31. Babu kwamfutar da za ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mafitar ta samo asali ne daga Joseph-Louis Lagrange, masanin lissafi haifaffen Turin, wanda ya fitar da babban littafinsa a 1788. Maimakon a tilasta dokar daidaito, sai a mayar da ita farashi. Kwamfutar ta yanka wa wutar kowace awa kuɗi, kowane inji kuma a yi masa lissafinsa shi kaɗai: a wannan farashin, tashi ya fi riba ko kwanciya? In wuta ta gaza, ta ƙara kuɗin. In ta yi yawa, ta rage. Kamar dillali ne tsakanin mai saye da mai sayarwa, yana kai taya yana dawo da albarka har a sallama. A ganina wannan ce dabara mafi kyau a fannin, domin ta farfasa matsala ɗaya mai tsauri zuwa ƙanana ɗari masu sauƙi.

Sai dai wani lokaci babu farashin da ke kawo daidaito. A rage kaɗan, babban inji ya kwanta, wuta ta gaza. A ƙara kaɗan, ya tashi gaba ɗayansa, ta yi yawa. Nan tara ke shigowa, dabarar da Richard Courant ya gabatar a 1943: a bar lissafin ya karya doka, amma a ci shi tarar da ke ninkuwa huɗu duk lokacin da saɓanin ya ninka biyu. A 1969 Magnus Hestenes da Michael Powell, kowa da nasa binciken, suka haɗa farashi da tara a hanya ɗaya.

Manyan kasuwannin wuta na Amurka, irin su PJM, sun koma wasu sababbin hanyoyi na zaɓen injuna, amma farashin nan bai gushe ba. Lambar da lissafi ke fitarwa a kowace mahaɗar layi ita ce tushen kuɗin da ake biyan tashoshi a kan wutarsu.