Laccar Unguwa: Yadda Mutanen Gari Suka Riƙa Karantar da Junansu

Laccar unguwa zama ne da mutanen gari ko unguwa ɗaya ke shirya wa kansu, duk mako ko duk wata, inda mutum guda zai tashi ya yi bayani a kan abin da ya sani, saura su kasa kunne, in ya gama su yi masa tambayoyi. Yau a tattauna tarihin garin, mako mai zuwa a hau kan taurari ko cutar da ke cin amfanin gona, wata rana kuma zane ko adabi. Babu jarrabawa, babu takardar shaida, kuma ba a tsare kowa a bakin ƙofa a tambaye shi iyakar karatunsa. Ƙasashe da dama sun yi irin wannan zama, amma inda ya fi bunƙasa shi ne Amurka a ƙarni na 19, ƙarƙashin ƙungiyoyin da ake kira Lyceum.

Wanda ya assasa su wani malami ne mai suna Josiah Holbrook, mutumin jihar Connecticut, wanda ya yi karatu a jami'ar Yale. Holbrook ya riƙa yawo gari-gari yana lacca a kan ilmin duwatsu da ma'adinai, a nan ne ya lura cewa manoma da masu sana'ar hannu suna da ƙishirwar ilmi, wurin kashe ta ne babu. A 1826 ya wallafa shawararsa a wata mujallar harkar ilmi, cewa kowane gari ya kafa ƙungiyar da manya za su riƙa haɗuwa suna koyar da juna. Kafin shekarar ta ƙare aka buɗe ta farko a garin Millbury na jihar Massachusetts.

Tsarin ba shi da wuya, shi ya sa ya karɓu. 'Yan ƙungiya kan zaɓi shugaba da magatakarda da ma'aji, kowa ya biya ɗan kuɗin shekara wanda bai fi ƙarfin ma'aikaci ba. Lokacin hunturu ake zaman, sa'ad da aikin gona ya tsaya, dare kuma ya yi tsawo. Ɗakin taron gari ko aji ko zauren coci ya wadatar. A shekarun farko masu jawabin duk 'yan gida ne: likitan garin ya yi bayanin yadda jini ke zagaya jiki, lauya ya warware wata doka, malamin makaranta ya ɗauki lissafi ko tarihi. Wani makon kuma ba lacca za a yi ba, muhawara ce, a jefo tambaya ɗaya, mutane su rabu gida biyu. Holbrook ya dage a kan cewa ido ya fi kunne saurin ɗauka, don haka ya riƙa ƙera kayan koyarwa masu araha, irin su ƙwallon taswirar duniya da wata na'ura mai nuna yadda duniyoyi ke kewaya rana. Ya kuma kwaɗaitar da kowane gari ya tattara duwatsun yankinsa a akwati, a rubuta sunan kowanne, a riƙa musaya da maƙwabta. Yaron da ya tsinci dutse a bakin rafi zai iya ganin an ɗaga shi a gaban jama'a ana bayaninsa.

Abin ya bazu kamar wutar daji. A 1831 aka kafa uwar ƙungiya ta ƙasa a birnin New York, zuwa tsakiyar shekarun 1830 kuwa an ƙiyasta akwai ƙungiyoyi kusan 3,000. Dalilan a fili suke. Makarantun gaba da firamare kaɗan ne, littattafai da tsada, ga masana'antu suna tasowa suna neman masu fahimtar inji da sinadarai. Ƙungiyoyin ba su tsaya a lacca ba, sun matsa wa hukuma a kan gyaran makarantun gwamnati da horar da malamai, wasu kuma suka kafa ɗakunan karatu.

Wasu daga cikin waɗannan ƙananan zaurukan sun shiga tarihi. A watan Janairun 1838 wani matashin lauya ɗan shekara 28 ya yi jawabi a ƙungiyar samarin Springfield ta jihar Illinois, yana gargaɗi a kan ɗaukar doka a hannu. Sunansa Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa. A ɗan garin Concord, marubuci Ralph Waldo Emerson ya yi wa maƙwabtansa lacca kusan sau 100, kuma yawancin maƙalunsa da suka shahara sai da ya gwada su a kunnen masu sauraro kafin su shiga littafi. A Concord ɗin ne marubuci Henry David Thoreau, a 1848, ya yi bayanin dalilinsa na ƙin biyan haraji ga gwamnatin da ke goyon bayan bauta. Jawabin ya fito a rubuce a 1849, daga baya Mahatma Gandhi da Martin Luther King suka karanta shi suka amfana. A 1877 kuma Alexander Graham Bell ya nuna wa jama'a wayar tarho a zauren ƙungiyar garin Salem.

Ba a rasa aibu ba. Mata sun cika kujerun sauraro, amma an daɗe kafin a saba ganinsu a kan mumbari. A jihohin kudu ƙungiyoyin ba su yi ƙarfi ba, domin garuruwa a warwatse suke, masu bayi kuma ba sa son taron da kowa ke iya ɗaga hannu ya yi tambaya. Jihohin arewa ma ba su tsira ba: a 1845 ƙungiyar New Bedford ta hana baƙaƙen fata zama cikakkun 'yan ƙungiya, sai Emerson da lauya Charles Sumner suka janye daga yin lacca a can.

Abin da ya sauya ƙungiyoyin, shi ne nasarar da suka samu. Da jirgin ƙasa ya sauƙaƙa tafiya, garuruwa suka fara gayyato shahararrun baƙi suna biyansu, likitan gari ya koma kujerar sauraro. A 1868 James Redpath ya buɗe ofishi a Boston wanda aikinsa shi ne haɗa masu lacca da garuruwa a kan farashi, marubuci Mark Twain na cikin waɗanda suka bi ta hannunsa. Jama'a sun ƙaru, jawabai sun ƙara daɗi, amma koyar da juna da Holbrook ya nufa ya ja baya, nishaɗi ya rinjayi karatu. Taron Chautauqua, wanda aka fara a 1874 a bakin wani tafki a jihar New York, ya gaji wannan hanya, daga baya har aka riƙa yawo da manyan tantuna ana kai lacca da kiɗa ƙauyuka. Rediyo da silima da mota, sai kuma karyewar tattalin arziki da ta fara a 1929, su suka naɗe tantunan.

Tsohon salon ya sake ɓullowa ta wata kafar. A 1992 Marc Sautet ya fara zaman falsafa a wani gidan shan gahawa a birnin Paris. A 1998 Duncan Dallas ya kwaikwayi wannan a Leeds ta Ingila, ya mai da shi kan kimiyya, da sunan Café Scientifique. Ƙa'idarsa ita ce masani ya yi gajeren bayani da harshen da kowa zai gane, a ɗan huta, sauran lokacin duk na tambayoyi ne. Wannan rabon lokaci shi ne gishirin abin, domin yana hana zaman komawa wa'azin mutum ɗaya. Tsarin ya kai ƙasashe da yawa, har da Kenya da Uganda.

Arewacin Nijeriya ma ta taɓa yin nata, ba tare da aro daga Amurka ba. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malamai da ma'aikatan En'e ke haɗuwa su tattauna ilmi da mulki da ci gaban ƙasa. Cikin 'yan majalisar akwai Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Da tambayoyi suka fara taɓo mulkin sarakuna da na Turawa, hukuma ta ga abin ya wuce inda take so, majalisar ba ta yi tsawon rai ba. Mutanen da suka goge a cikinta su ne daga baya aka gani a sahun gaba na jam'iyyun NPC da NEPU.