Darasin Ingilishi a jikin kwalin kaya

Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasar Nijar ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci. Yaranmu kan fara shi a ajin farko na kwaleji, amma wani har ya kai jarrabawar BEPC bai iya karanta rasit daga Kano ba.

Alhali darasin yana nan jibge a rumfunan Birnin Ƙonni da Ɗan Isa. Alhaji, miƙa wa yaro kwalin madara ya nemo lambar NAFDAC da ranar lalacewar kaya, ya fassara gargaɗin da ke jiki. Sannan ya rubuta wa dilan Illela jimla biyar cewa kaya sun iso a fashe, ya kai wa malaminsa ya gyara nahawun.