TEƁA BA ARZIKI BA CE

Ni ma'aikacin dispensari ne, aikina awon jini da ba da magani da wankin miki. Sa'ad da na kama aiki, yawancin masu zuwa wurinmu zazzaɓi ke kawo su, ko gudawa, ko tari. Yanzu kuwa ba ranar kasuwar da za ta wuce ban ga mai hawan jini ba, ko mai ciwon suga, ko dattijuwar da gwiwoyinta suka ƙi ɗaukarta. Da yawa daga cikinsu abu guda ya haɗa su, watau ƙiba.

A wurinmu in mutum ya ajiye teɓa sai a ce ya sami duniya. In amarya ta yi ƙiba sai a ce mijinta ya iya riƙo. To, ka sani kitsen ciki ba a ƙarƙashin fata kaɗai ya ke kwanciya ba. Yana naɗe hanji da hanta, yana ƙara wa zuciya aiki dare da rana. Ƙarshen abin sau da yawa shi ne shanyewar ɓarin jiki, magidanci ya kwanta ana juya shi, gona kuwa ta zauna ba mai nome ta.

GWAJIN IGIYA

Ba sai kana da sikeli za ka san matsayinka ba. Nemi igiya, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa har tsakar ka, ka yanke. Ninka ta biyu, sa'an nan ka zagaya cikinka da ita, kaɗan sama da cibiya, ba tare da ka shafe ciki ba. In bakin igiyar ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitse ya yi yawa, gama faɗin zagayen ciki bai kamata ya wuce rabin tsawon mutum ba. Wannan gwaji na manya ne, ban da yara da mai juna biyu.

Ni da ke gaya maka wannan, da na gwada a kaina igiyar ba ta haɗu ba. Na bar keke na koma babur, ga shayi mai zaƙi da safe, ga tsire kowane dare. Kunya ta kama ni, ina yi wa mutane faɗa alhali ga tawa teɓar a gaba.

KUSKUREN DA NA YI

Akwai waɗansu mutane da ba su cin kome da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, har zuma ba su sha. A Ingila suka kafa ƙungiyarsu a shekarar 1944, yanzu kuwa sun bazu ƙasashe da yawa. Da na ji an ce galibinsu ba su da ƙiba, sai na ce bari in gwada hanyarsu.

Na bar tsire. Amma da safe sai in ci ƙosai, da rana shinkafa da wake da mai ya kwanta a kai, da yamma soyayyen awara. Wata guda cur ban taɓa nama ba. Da na hau sikelinmu, allurar tana nan inda na bar ta.

Ashe ba barin nama kaɗai ne maganin ba. Masana suna auna ƙarfin abinci da wani ma'auni mai suna kalori. Giram 1 na garin tuwo ko sukari bai wuce kalori 4 ba, giram 1 na mai kuwa kalori 9 ne. Babban cokali 1 na man gyaɗa ko man ja kusan kalori 120 ke nan. Abin da jiki ya karɓa bai ƙone shi da aiki ba, sai ya ajiye shi kitse, ko daga rago ya fito ko daga gyaɗa. Na rufe ƙofar gaba, ɓarawo ya shigo ta baya.

ABIN DA KE AIKI

Amfanin abincin gona shi ne ganye da wake suna cika ciki, suna daɗewa ba su narke ba, ga shi ƙarfinsu bai kai na mai ba. Sai ka ƙoshi ba ka tara kitse ba. Haka nan wake da hatsi suna cike wa juna: abin gina jiki da gero ko dawa suka gaza da shi, wake na da shi, wanda wake ya gaza da shi, hatsi na da shi. Kakanninmu da ke cin tuwon dawa da miyar kuka mai dakakken wake ba su yi wauta ba.

Saboda haka ka raba akushinka kamar haka: rabi ganye ko miyar ganye, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko awara, sauran kuwa tuwo, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kowace rana, gishiri kuwa kada ya kai giram 5, watau kamar ƙaramin cokali 1.

Uwargida, ga girki 3 da muka gwada a gidana, yara ma ba su ƙi ba.

1. Kwaɗon zogale. Ki dafa zogale har ya yi laushi, kada ki cika masa kanwa, gama tana kashe waɗansu sinadarai masu amfani. Ki tsane shi, ki zuba dakakken ƙuli-ƙuli, da albasa, da tumatir, da ɗan barkono, ki matsa lemon tsami. Kada ki ƙara mai, wanda ya rage a jikin ƙuli ya isa. Rama da tafasa ma haka za ki yi musu. Ƙulin da ya yi fumfuna ki zubar, yana ɓata hanta.

2. Faten wake da kabewa. Ki jiƙa wake gwangwani 2 tun dare, ki zubar da ruwan, ki ɗora da sabo. Jiƙon yana rage kumburin ciki, yana kuma rage cin itace. In ya kusa nuna ki sa kabewa, da albasa, da daddawa, da mai babban cokali 2 ga tukunya duka. Alayyafo shi ne na ƙarshe, ya sha tiriri kaɗan ki sauke. Daddawa za ta ba ki ɗanɗano, sai ki rage dunƙule, gama yawancinsa gishiri ne.

3. Awara ba suya. Ki yi awararki kamar yadda kika saba: jiƙa waken suya, niƙa, tacewa, tafasawa sosai, sa'an nan ruwan tsami, ki matse a ƙyalle mai tsabta. Amma maimakon ki tsoma ta cikin kaskon mai, ki yanka ƙanana ki jefa a miyar taushe ko ta yakuwa kamar nama, ko ki gasa a kaskon da aka shafa wa mai kaɗan.

Abin sha ma a lura. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kamar ƙaramin cokali 8 ko 9. Kunu da zoɓo da fura a rage musu sukari sannu a hankali, harshe zai saba.

KADA A WUCE GONA DA IRI

Ban ce ka bar nama har abada ba, ni ma ban bari ba. Akwai wani sinadari mai suna bitamin B12 wanda ba ya cikin hatsi ko wake ko ganye, sai a nama, da hanta, da kifi, da ƙwai, da nono. Rashinsa yana kawo ƙarancin jini, da mutuwar tafin hannu da ƙafa, da mantuwa, kuma ya kan yi shekaru kafin ya bayyana. Mutanen nan da na ambata ƙwayarsa su ke sha. Kai kuwa nono kaɗan, ko dafaffen ƙwai, ko busasshen kifi a miya, ko yankan nama marar kitse jefi-jefi, shi ne hanya mai sauƙi. In ka yi nufin barinsu ɗungum, zo a ba ka ƙwayar.

Waɗannan kuwa ba a rage musu abinci: yara, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da marar lafiya, da manomin da aikin damina ya riga ya zuge shi. In ƙwai ɗaya ne a gida, maigida, yaron da aka yaye ya fi ka bukatarsa.

Mai shan maganin suga ko na hawan jini kada ya daina don ya sake abinci. Ya zo a auna shi, wataƙila a gyara masa yawan maganin. Wanda kuma ya ga yana ramewa haka kawai, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari da dare, ko tari da ya ƙi ƙarewa, wannan ba rage ƙiba ba ne, ciwo ne, ya zo maza. Ruwan kwalba da garin da masu talla ke cewa yana narkar da teɓa cikin mako guda, ka riƙe kuɗinka.

SANNU BA TA HANA ZUWA

Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya isa. Mai nauyin kilo 90, in ya rage kilo 5 zuwa 9 kawai, ya kan ga sauƙi a jininsa da sugansa da gwiwoyinsa. Ka haɗa da tafiya da sauri, minti 30 a rana, kwana 5 a mako. Gonar da ke kusa, ka bar babur a zaure ka taka.

Ni dai na rataye igiyata a ƙusa bayan ƙofar ɗakin magani. Da fari yatsu huɗu ke shiga tsakanin bakinta, yau saura ɗaya. Kai ma yanki taka a yau, ka gwada, ka rataye. Duk farkon wata ka sake gwadawa, in ka zo kasuwa kuwa ka biyo dispensari mu auna jininka. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.