Kafin Ka Ɗora Allura Kan Faifan Shata

A Zariya ta Maradi, da Mokoyo, har Tibiri da Jiratawa, ba a rasa gidan da ke da tsofaffin fayafayan garmaho a ƙasan akwati. Iyaye ne suka shigo da su daga Kano da Katsina ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, zamanin da kamfanin EMI ke buga waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Da kaset ya zo, sai aka ture su gefe. Yanzu faifai ya farfaɗo a duniya. A Amurka, a 2022, yawan fayafayan da aka sayar ya haura na CD, karo na farko tun 1987. Kamfanin Sahel Sounds ya buga kiɗan Mamman Sani na Yamai a faifai a 2013, a shekarar kuma ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Saboda haka matashin da ya gaji faifan mahaifinsa, ko aka aiko masa da sabo daga Turai, tambayarsa ɗaya ce: wane garmaho zan saya, tunda ga uku ko huɗu kuɗinsu kusan ɗaya?

Ya fara duba faifan da ke hannunsa tukuna. Babba mai juyi 33 a minti, kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948. Ƙarami mai juyi 45, RCA Victor ya kawo shi a 1949. Waɗannan biyun na roba ne, allura ɗaya ke karanta su. Amma akwai na da can, mai nauyi, mai fashewa idan ya faɗi, wanda ke juyi 78. Tsagarsa ta fi faɗi, tana son allura mai kauri kusan ninki huɗu. Yawancin sababbin injuna masu rahusa ba su da juyi 78 ko kaɗan. Wanda akwatinsa ke cike da irin wannan, ya riga ya rage zaɓinsa tun bai je kasuwa ba.

A cikin injuna masu matsakaicin kuɗi, sunaye biyu aka fi ji: Audio-Technica AT-LP60X da Sony PS-LX310BT. Kusan tagwaye ne. Dukansu zoben roba ke juya farantinsu, dukansu kana danna maɓalli hannun allura ya tashi da kansa ya sauka a bakin faifai, ya koma mazauninsa idan waƙa ta ƙare. Dukansu suna da ƙaramin amfilifayar da ake rubuta phono a kansa, wanda in babu shi sauti ba zai fito sosai a lasifika ba. Na Sony yana haɗuwa da lasifika ta Bluetooth, shi ke ƙara masa kuɗi. Ga sabon shiga, saukar hannu da kansa alheri ne babba, domin da yawa daga ƙarzanen da ke jikin tsohon faifai hannun mutum ne ya yi su wajen ɗora allura. Rauninsu kuwa shi ne ba a iya saita nauyin allurar. Na Audio-Technica yana danna faifai da giram 3.5. Ba ɓarna ba ce, amma injin da ake saitawa yakan tsaya a wajen giram 2.

Akwai kuma wanda ya fi su ɗaukar ido, ya fi su araha: mai kama da ƙaramar jakar tafiya, da lasifika a jikinsa, irin su Crosley Cruiser. A nan ba ni da sassauci. Allurarsa kan danna faifai da giram 5 ko fiye, hannunsa gajere ne, lasifikar da ke jikinsa kuma tana girgiza farantin da faifan ke kai. Faifan da ake bugawa yau, idan ya lalace sai a sayi wani. Faifan Shata, wanda ya rasu a 1999, ba a sake buga irinsa ba, kuma duk abin da allura ta kankare daga tsagarsa ya tafi ke nan.

Masu rubutun kwatanta injuna a Turai ba sa zancen wuta, mu kuwa dole mu yi. Wutar Maradi daga layin Katsina take zuwa, mai ƙarfin bolt 220 da bugu 50 a daƙiƙa. Wasu injuna masu kyau, irin U-Turn Orbit na farko da wasu na Rega, saurin juyinsu da bugun wutar yake tafiya. Idan ɗan'uwa ya aiko maka da wanda aka ƙera don Amurka, inda bugun yake 60, ko ka sa masa taransifoma, zai riƙa juyi da jinkirin kashi ɗaya cikin shida, kalangu ya yi sanyi, muryar mawaƙi ta yi kauri. A kan janareta ma haka ne: inji na hawa yana sauka, waƙar na bin sa. AT-LP60X kuwa da ƴar caja mai bolt 12 yake aiki, kuma shi ke daidaita saurinsa da kansa, don haka ya fi jure irin wutarmu da ta sola. 

Sai zafi da ƙura. A watan Afrilu da Mayu ma'auni kan wuce 40, zoben roba ya saki ko ya yi danƙo, faifan da aka bari a mota ko kusa da taga ya lanƙwashe, ba ya miƙewa. Da hunturu ƙura kan kwanta a tsaga, allura ta bi ta kanta tana niƙa ta kamar yashi a dutsen niƙa. Don haka inji mara murfi bai dace da mu ba, kuma mai saye ya haɗo da zobe na biyu da allura ta biyu tun ranar farko. Allura ƴan ɗaruruwan awoyi take yi ta dushe. Ta AT-LP60X, mai lamba ATN3600L, tana cikin waɗanda suka fi sauƙin samu a duniya, da yatsa ake zare ta a sa sabuwa.

Zaɓi na ƙarshe shi ne na gwanjo. Daga 1972, da Technics ya fitar da SL-1200, kamfanonin Japan irin su Pioneer da Sansui da Technics ɗin suka cika duniya da injuna masu nauyi, da yawansu ba zobe, injin ke juya farantin kai tsaye. SL-1200 kansa ya yi tsada yanzu, amma ƙannensa kan faɗo a kuɗin sabon injin roba, kuma sun fi shi ƙarko, hannunsu ana saita shi. Sai dai kada a biya kafin a gwada. A kunna shi a gaban mai kaya, a saurari doguwar murya ko tana rawa, a ɗaga hannun a ji ko yana cijewa, a duba bayansa ko an rubuta 220. Yawancinsu suna buƙatar amfilifaya mai ƙofar phono, wannan ma kuɗi ne a lissafa. Allurar da ka tarar a jikinsa kuwa, kada ta taɓa faifanka, ba ka san shekarunta ba.

Wanda bai san mai gyaran rediyo da ya amince da shi ba, ya ɗauki AT-LP60X. Wanda ya san shi, kuma yana da haƙurin nema, ya bi na gwanjon Japan. Mai fayafayan juyi 78 kuwa ya ƙara tara kuɗi ya nemi AT-LP120XUSB, wanda ke juya iri ukun duka, ya sayi allurar 78 daban, kuma ta wayar USB zai iya kwafe waƙoƙin a kwamfuta tun faifan yana da sauran murya.