Kafin Ka Kira Wa Tsoho Likitan Ƙafa a Amurka

Wani magidanci daga cikin 'yan uwanmu mazauna Bronx, a birnin New York, ya nuna mini takardar bashi ta ɗaruruwan daloli daga ofishin likitan ƙafa, kuɗin wanke wa mahaifinsa gyambon diddige. Tsohon yana ƙarƙashin hospis, wato kulawar da ake yi wa majinyacin da likitoci suka haƙura da neman warkewarsa, sai dai rage masa raɗaɗi. "Ai Baba yana da Medicare," in ji shi. Yana da shi kuwa, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi, kuma babu wanda ya cuce su. Su ne suka ɗauko likita daga waje, alhali nas ɗin hospis tana shigowa gidan a kai a kai, ba wanda ya ce mata uffan. Wannan gangancin ya yi mana yawa.

Tun 1982 majalisar dokokin Amurka ta shigar da hospis cikin Medicare. Sai likita ya shaida cewa a ganinsa majinyaci ba zai wuce wata 6 ba (rai dai a hannun Allah yake), sannan a sa hannu. Daga ranar, gwamnati tana biyan hospis kuɗin kowace rana, shi kuma ya ɗauki nauyin duk abin da ya shafi ciwon da ya kai majinyacin hospis. Idan gyambon daga ciwon ya samo asali, kamar ciwon suga ko toshewar jijiyoyin jini, hospis ne zai kula da shi ko ya turo wanda ya yi yarjejeniya da shi. Medicare ba ya biya sau biyu. Ka yi gaban kanka, aljihunka zai ji a jikinsa.

In kuwa matsalar ƙafar ba ta da alaƙa da ciwon, misali mai sankarar huhu da farce ya shige masa nama, sashen B na Medicare yana iya biya, iyali su cika kashi 20 cikin 100. Amma sai likitan ya sa alamar GW, mai nuna aikin ba shi da alaƙa da ciwon, a takardar neman kuɗinsa. In ya manta aka ƙi biyansa, wasu ofisoshin sai su turo wa iyali bashin. Kada ka yi saurin biya, ka kira su ka tambaya ko sun sa alamar.

Yanke farce da kankare kanta kuwa, a ƙa'ida Medicare ba ya biya, sai ga wanda suga ya kashe masa jin ƙafa ko jini ba ya isa gare ta sosai, shi ma kusan sau ɗaya a kwana 60. Kada kuma wannan ya sa wani ya ɗauko reza ya zauna wa ƙafar mai suga kamar mai yankan farcen tasha. Ɗan ƙwarzane ya isa ya zama gyambon da ba ya warkewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai takardar da za ta raba gardama, amma ba ma neman ta. Tun Oktoba 2020 doka ta ba majinyaci ko wakilinsa damar neman hospis ya rubuta masa jerin cututtuka, magunguna da ayyukan da ya ce ba ruwansa da su, haɗe da dalili. Ba a ba da ita sai an tambaya, kuma kyauta ce. Ka karɓa, ka duba ko ƙafa tana ciki, ka nuna wa likitan ƙafa tun bai taɓa tsohon ba. Mu kuwa da an miƙo takarda sai mu rattaba hannu saboda kunya ko gaggawa, har da wadda ake kira ABN, mai cewa ka yarda ka biya idan Medicare ya ƙi.

Sannan a daina jefa wasiƙun Medicare a shara. A cikinsu ake lissafa duk aikin da aka ce an yi wa majinyaci. Akwai likitocin da aka hukunta a Amurka saboda sun yanke farce a gidajen tsofaffi sun rubuta aikin tiyata. Ka ga ranar da ba wanda ya zo, ko aikin da ba a yi ba, ka kira 1-800-MEDICARE, in Turanci bai zauna ba ka ce a haɗa ka da tafinta.